Sarkin Iska da Allurar Kwantar da Hanji

A bakin wani titi mai gangare akwai shaguna uku a jere. Na farko na Tela, na biyu na Mai Aski. Na ukun ba shago ba ne sosai, rumfar kwano ce da tulin tsofaffin tayoyi, da bahon ruwa baƙi ƙirin, da injin ba da iska mai tari kamar tsoho. Nan Mai Faci yake aiki. Shi da kansa ya raɗa wa kansa suna Sarkin Iska, har ya rubuta da fenti a jikin wani allo ya rataye. Matarsa ta ce ya goge, don in shi ne sarkin iska, to yaranta 'yan mene ne ke nan? Ya ce ita ba ta san kan kasuwa ba.

In mutumin nan ya fara cika baki, sai ka nemi wurin zama. Ya ce ya taɓa hura tayar babbar mota da bakinsa ranar da aka ɗauke wuta. Ya ce da kunne yake gane yawan iskar taya. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin tsoron komai ba.

To amma akwai abu ɗaya, kuma a hankali za a faɗe shi, don shi bai so kowa ya ji ba. Allura. Ko sunanta aka kira sai tafin hannunsa ya jiƙe. Ranar da aka kai ɗansu na fari rigakafi, shi ya rungumi yaron. Da ya ga tsinin nan sai ya sulale ƙasa, nas ce ta cafe jaririn a sama. Ya ce yunwa ce. Matarsa kaɗai ta san ba yunwa ba ce, kuma shekara goma sha tara tana riƙe da maganar a cikinta.

Shi ya sa bai taɓa shiga shagon Tela ba. Tela kuwa kullum da allura biyu soke a wuyan rigarsa, ɗaya a baki.

Sai ciwon ciki ya kama Mai Faci. Wata huɗu yana murɗa yana cewa ba komai, har matarsa ta ja shi asibiti. Likita ya danna nan ya danna can, ya ce sai an ɗauki hoton hanji kafin a san abin da ke ciki. Aka tura su wurin wata nas, yarinya da ita, ta zaunar da su.

Ta ce, "Baba, ga yadda abin yake. Za a sa maka wani siririn bututu ta ƙasa, a tura iska kaɗan-kaɗan don hanjin ya buɗe. Sai ka kwanta a gado, gadon ya shiga cikin wani inji mai rami kamar zobe, a ɗauki hoto."

Mai Faci ya gyara zama. "Iska? 'Yata, kin san da wa kike magana kuwa?"

"Kafin a fara kuma, za mu yi maka 'yar allura ta kwantar da hanji."

Nan take ya ji kujerar ta yi nisa da ƙasa. Ya goge hannunsa a wando. Ya ce, "Ai ni hankalina a kwance yake."

"Hanji na ce, Baba, ba hankali ba."

"To ai maƙwabta ne. In ɗaya ya kwanta ɗayan ma ya kwanta."

Nas ta danne dariya. "In iska ta shiga, hanji yakan murɗa ya yi ta motsi. Kai ka ji ciwo, hoton kuma ya fito dishi-dishi. Allurar tana sa ya yi laƙwas na ɗan lokaci. Ba dole ba ce, in ka ce ba ka so ba za a yi ba. Amma ana jin sauƙinta."

Duk maganar nan, abu ɗaya ya shiga kunnensa. Ba dole ba ce.

Ta ba su ƙullin garin magani biyu na wanke ciki, ta ce ɗaya da yamma ana gobe hoto, ɗaya da sassafe. Ta ce su dawo nan da kwana huɗu.

A hanya matarsa ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban yara, ka yarda a yi maka. Zan riƙe maka hannu."

"Ke, a titi muke!"

Da ya yi shiru da bakinsa, da shi ke nan. Amma yana isa bencin gaban shagon Mai Aski ya ɗaga murya. "Kun ji asibiti? Wai ni za su koya wa iska! Har da wata allurar kwantar da hanji. Na ce su ajiye wa masu ƙaramar zuciya."

Tela ya leƙo da allurarsa a baki. "Ƙanin matata an yi masa irin hoton nan. Ƙato ne, buhu biyu yake ɗauka. Ya ce ba don allurar ba da ya ciji gado."

"Ƙanin matarka ya san iska? Ni shekara ashirin ina sarrafa ta."

"A cikin taya. Ba a cikinka ba."

"Duk roba ce."

Tela ya zare allurar daga bakinsa ya nuna shi da ita. Mai Faci ya ɗan matsa zuwa ƙarshen benci, kamar rana ce ta dame shi. Tela ya ce, "To wa zai shaida? Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, a tsira maka, ka fito ka ce ba a yi ba."

"Ku zo ku ji da kunnenku! Zan kira wayarka in bar ta a buɗe a cikin ɗakin. In kuka ji na ce wash, ku sauke allon sunana ku ƙona."

Mai Aski ya buga cinya. "An gama! Ni zan rufe shago ranar."

Da ya koma rumfarsa sai ya zauna yana saƙe-saƙe. In abin ya yi zafi fa? In ya yi ihu fa? Sai ya ce wa kansa ai komai horo ne. Kwana uku ya ishi mutum ya horar da cikinsa.

Washegari ya fara da injin. Tunda an ce zobe ne, ya mirgino tayar tarakta mafi girma, ya tsayar da ita a bakin titi, ya tokare ta da dutse. Ya zura katako ta tsakiya ya kwanta a kai.

"Mai Aski, zo ka zama mai hoto. Ka ce in riƙe numfashi."

"Riƙe numfashi."

"Ba haka ba, da muryar turawa."

"Riƙeee numfashiii."

Sai katakon ya ce ɓaras. Mai Faci ya naɗe ya faɗa cikin tayar, gwiwa a haɓa, ɗuwawu ya cuse a ramin. Ya ce a ciro shi. Mai Aski ya ja hannu, bai fito ba. Ya ja ƙafa, takalmi ne ya fito. Sai ya ce bari ya kwantar da tayar tukuna, ya sa ƙafa ya ture dutsen.

Titin nan an ce mai gangare ne.

Tayar ta ɗauki hanya. Kai sama, ƙafa sama, kai sama, ƙafa sama. Ta bi ta kan farantin Mai Tumatir, wata dattijuwa da ke sayarwa a ƙasan shagunan, ta mayar mata da rabin kaya miya. Ta wuce wani mai babur da ya saki babur ya hau bango. Ba ta tsaya ba sai a wurin wankin mota, cikin kumfa. Mutum huɗu suka zaro shi kamar ana zare ƙusa.

Ya miƙe, ya yi taku uku zuwa hagu ba da niyya ba, ya ce, "Madalla. Juwa nake gwadawa. Babu."

Mai Tumatir ta iso tana haki da faranti a hannu. "Juwar gidanku! Dubi abin da ka yi mini!"

"Inna, aikin asibiti ne."

"Asibitin mahaukata?"

Ya wuni yana tsince mata tumatir a kwata.

Rana ta biyu ya ce jiya inji ne, yau iska. Mai Aski ya nuna bututun injin taya ya ce ga shi kusa. Mai Faci ya harare shi. "Wannan kashe mutum zai yi. Ka ga na haukace ne?" Sai ya aika aka kawo lemon kwalba shida masu gas, ya shanye su a tsaye, ya toshe baki da hannu. Cikinsa ya taso ya yi tauri, in ka ɗan buga sai ya yi ƙara.

Ya ce da kyar, "Ba a cika tub ɗin taya sai an gwada shi a ruwa. In yana sacewa aikin banza ne."

Ya tuɓe ya bar gajeren wando, ya shiga bahon da yake tsoma tub ya zauna, ruwa har cibiya. Kafin ka ce me, mutane sun kewaye. Masu jiran mota suka bar mota ta wuce. Kowa ya sunkuya yana kallon ruwan.

Mai Aski ya ce, "Shiru dai. Babu kumfa."

"Na gaya muku. Ni ba na yoyo."

Tela ya ce, "Ga wata can ta hagu."

"Sabulu ne."

"Ga wata. Ga ƙanwarta." Tela ya ciro allinsa na awon yadi daga bayan kunne. "Tashi in yi maka alama a wurin, yadda kake yi wa tub. In ya so ka liƙa faci."

Mai Faci ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai kwalba shida suka fito a gyatsa ɗaya. Wata mota da aka ajiye a gefe ta fara kuwwa da kanta. Kare ya bar inuwa ya tsallaka titi.

Bai fita daga bahon ba. Ya ce saura kwantar da hanji, kuma shi ba ya buƙatar tsini don wannan. Hanji kamar jariri ne, rarrashi yake so. Ya shiga shafa cikinsa yana jijjiga, yana cewa, "Yi shiru, ɗan baba. Kwanta, ɗan baba. Wa ya taɓa mini kai?"

A haka matarsa ta same shi da ta kawo abincin rana. Tun a hanya wata tsohuwa ta tare ta ta riƙe mata hannu, ta ce ta ji labari wai iska ta shiga mijinta, Allah ya raba shi da su. Ta ajiye kwanon ta tsaya a kansa.

"Fito."

"Ina cikin aiki."

"Baban yara, fito, ko in faɗi abin da ya faru ranar rigakafi."

Tela ya miƙe kunne. "Me ya faru ranar rigakafi?"

Mai Faci ya fito da gudu har ruwa ya fantsama wa kowa. "Yunwa! Yunwa ce ta faru! Kawo abincin."

Rana ta uku ita ce ta garin wanke ciki. Tun safe ba abinci sai ruwa. Da tsakar rana ya fito da ƙullin biyu a gaban benci ya ce, "Wai ɗaya da yamma, ɗaya da safe. Wannan tsarin masu ƙaramin ciki ne. Ni ba na aiki biyu." Ya zuba su a kofi ɗaya, ya dama da sukundireba, ya shanye. Ya zauna. Ya ce, "Kun gani? Ko gezau."

Can sai ga wani Direba da babbar mota, tayar baya ta kwanta. Mai Faci ya kunna inji, ya maƙala bututu a tayar, ya ce ba ya buƙatar ma'auni, da kunne zai ji in ta cika. Yana tsugune sai ya ji wata ƙara. Ba daga taya ba. Kamar ana jan tebur a cikin cikinsa.

Ya miƙe a hankali, ƙafafu a haɗe.

Ban ɗakin shagunan ɗaya ne, yana baya, kuma makullinsa a wurin Tela yake. Mai Faci ya isa bakin shagon Tela ya tsaya daidai dokin ƙofa, bai tsallaka ba.

"Tela, makulli."

"Shigo ka ɗauka, hannuna da aiki."

"Miƙo mini."

"Ga shi can a kan tebur."

Ya leƙa. Makullin yana kwance a kan ɗan matashin da Tela ke soke allurai. Sun fi hamsin, duk a tsaye, suna kallonsa. Cikinsa ya sake jan tebur.

"Tela, don girman iyayenka."

"Wai me ke hana ka shiga shagona ne? Shekara goma muna maƙwabtaka."

"Ƙafata da baƙin mai. Zan ɓata maka yadi."

"Na yafe."

Mai Faci ya koma rumfarsa da tafiyar agwagwa, ya ɗauko doguwar wayar ƙarfe, ya lanƙwasa bakinta, ya tsaya daga waje yana kamun kifi. Sau uku makullin yana zamewa. Na huɗu ya kamo shi, ya ruga baya, ya banko ƙofa.

Injin iska kuwa yana nan yana aikinsa. Direba ya tafi sayen ruwa. Tayar ta cika. Ta ƙara cika. Ta yi ƙiba kamar za ta yi magana.

Sai DUM!

Kwanon rumfa ya ɗaga ya dawo. Madubin Mai Aski ya faɗo. Wanda ake yi wa aski ya fita da rabin kai. Mai Tumatir ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Wayyo! Sarkin Iska ya fashe!"

Titi gaba ɗaya ya yi bayan shaguna. Mata na salati, Mai Aski na dukan ƙofar ban ɗaki yana kuka. "Ashe ƙarshenka ke nan! Na ce kada ka sha biyu!"

Daga ciki wata siririyar murya ta ce, "Ba ni ba ne."

"Kana da rai?"

"Ina nan. Ku matsa daga bakin ƙofa."

"Ka fito mu ga cikin!"

"Ba yanzu ba."

Bai fito ba sai da rana ta yi sanyi, yana dafa bango, ido ya faɗa. Direba yana zaune a kan ragowar tayarsa yana jiran sa, ya ce shi ma gobe zai je asibitin, don yana so ya ga ƙarshen wannan mutum. Matarsa ta kira nas ta gaya mata ɓarnar da ya yi da garin. Nas ta ce a yi ta ba shi ruwa, kuma kada ya sake taɓa komai da hannunsa har gobe.

Da safe ɗakin jira ya cika. Tela a gaba da waya a kan gwiwa, Mai Aski, Direba, Mai Tumatir, da wasu da ba su san shi ba amma sun ji labarin taya. Aka ba Mai Faci wata riga mai buɗaɗɗen baya. Ya naɗe kayansa a kwando, ya kira lambar Tela, ya tura wayar ƙarƙashin wando, ya shiga da kwandon ya ajiye a kan kujera kusa da gado.

Ɗakin sanyi ƙalau. Ga zoben can fari tas, ya fi tayar tarakta kyau. Mai hoto yana bayan gilashi. Nas ɗin nan ta tambaye shi ko yana da ciwon hawan ruwan ido ko ciwon zuciya. Ya ce babu. Ta ce, "To allurar fa, Baba?"

Ya juya wajen kwando ya ɗaga murya. "Ba na so! A kai wa masu ƙaramar zuciya!"

"Ba sai ka yi ihu ba, ina kusa."

Ya kwanta ta gefe. Aka sa bututun, aka fara tura iska. Ya ce da ƙarfi, "Wannan ai iskar keke ce! Ƙara!" Aka ci gaba a hankali. "Ko balan-balan ba za ta... ba za ta..."

Sai hanjin ya murɗa.

Kamar an kama tsumma ana matsewa. Ya saki, ya sake kamawa. Mai Faci ya riƙe ƙarfen gado. Ya shafa cikinsa ya raɗa, "Kwanta, ɗan baba." Ɗan baba bai kwanta ba. Ɗan baba ya tashi tsaye yana tsalle.

Muryar mai hoto ta fito ta lasifika. "Baba, hanjin yana ta rawa, ba na ganin komai. In bai tsaya ba sai dai mu bari, ka dawo wata rana."

"In dawo?"

"E. Ka sake shan garin nan biyu."

Makulli. Matashin allurai. Bangon ban ɗaki. Duk suka dawo masa lokaci ɗaya, suka kori wayar daga kansa ƙaf.

"A'a! Ku yi mini allurar! A'a, kada ku yi! 'Yata, tsaya in gaya miki gaskiya. Ina tsoron allura. Wallahi ina tsoronta. Tun ina yaro. Ranar rigakafin ɗana ba yunwa ba ce, suma na yi. Ko shagon Tela ba na iya shiga, mugun nan da allura a baki kamar kifi. Ku yi mini, amma kada in gani. Ku yi mini, don Allah ku yi mini! A kira mini matata!"

Aka tsayar da komai, aka shigo da matarsa. Ta riƙe masa hannu, tana ta nuna masa kwando da ido. Shi idonsa a rufe gam.

Nas ta ce, "Baba, juya ka kalli bango. Ni ban san yadda ake facin tub ba. Koya mini."

"Yanzu?"

"Yanzu."

"Da farko... da farko sai ki nemo ramin a ruwa. Ki yi alama. Ki goge wurin da fayil har ya yi kaushi. Ki shafa gam, amma kada ki liƙa nan da nan, nan ne yara ke kuskure, sai ya sha iska tukuna. Wai yaushe za ki yi ne? Ki gaya mini in shirya."

"An gama."

"Ƙarya."

"Ga filasta a hannunka."

Ya buɗe ido ɗaya. Ga filasta. Bai gama mamaki ba sai ya ji tsumman da ake matsewa a cikinsa ya saki, ya yi laƙwas. Matarsa ta fita, gado ya shiga zobe, aka ce riƙe numfashi, ya riƙe. Aka juya shi, aka sake. Mai hoto ya ce, "Yauwa. Tas ya fito."

Nas ta ce idonsa zai yi dishi-dishi na ɗan lokaci, bakinsa zai bushe, kada ya tuƙa komai, ko taya. Yana sa wando sai wayar ta faɗo. Sai a lokacin ya tuna da ita. Ya ɗauka ya kai ta kusa da hanci, bai ga komai ba sai hazo. Ya ce wa kansa ai ɗakin nan bangonsa kauri ne, kira ba ya fita. Tabbas ya yanke tun farko. Ya jefa ta a aljihu, ya sauke hannun riga ya rufe filasta.

Matarsa ta tare shi a ƙofa. "Baban yara, tsaya ka ji..."

"Ke, bari in gama da su."

Ya shiga ɗakin jira yana buɗa kafaɗa. Tsit kake ji. Ya hango wani dogo siriri a tsaye a kusurwa, ya nufe shi ya nuna shi da yatsa.

"To, Tela! Ka ji da kunnenka ko? Suka kawo allura, na ce a mayar. Suka roƙe ni, na ce a'a. Iskarsu ta ƙare, sai da suka aro ta maƙwabta!"

Mai Aski ya ce daga bayansa, "Tulun ruwan sha kake yi wa magana."

Ya juyo. Sai ya lura duk abin da ya faɗa yana sake fitowa daga wani wuri, ƙarami, a makare. Daga kan gwiwar wani. Ya ce, "Tela?" Gwiwar ta ce, "Tela?"

Tela ya gyara murya, ya siranta ta kamar ta ɗan akuya. "A kira mini matata."

Ɗakin ya tarwatse. Direba ya zamo daga kujera. Mai Tumatir tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa ta yafe tumatir, wallahi ta yafe. Wani tsoho da ke jiran nasa hoton yana riƙe da ciki yana roƙo a daina, shi ma garin ya sha.

Mai Faci ya ɗaga hannu. "Ku saurara! Wannan murya ba tawa ba ce, akwai wani majiyyaci a..."

Bai ƙarasa ba. Iskar asibiti ta ga lokacin tafiyarta gida ya yi. Ta fito siririya, doguwa, da fito, ta hau sama, ta sauko, ta ɗan tsaya kamar ta gama, ta ci gaba.

Direba ya kasa kunne irin na masu mota. "Tana sacewa."

Mai Aski ya ce, "A kawo baho."

Tela ya ciro alli daga bayan kunne.

Matarsa ta kama hannunsa, mai filastar, ta ja shi waje. A bakin ƙofa ta ce, "Shekara goma sha tara ina riƙe maka, kai ka zubar a minti ɗaya." Ta yi ajiyar zuciya. "Wallahi har na ji na yi sauƙi."

Bayan mako guda likita ya duba hoton ya ce ɗan kumburi ne a gefe ɗaya, ba abin tsoro ba, magani zai warkar. Mai Faci ya ce, "Na haɗiya ko na...?" Likita ya ce na haɗiya. Ya yi masa godiya sau huɗu.

Ba a ƙona allon sunan ba. Tela dai ya ƙara rubutu da alli a ƙasa: A Kira Mini Matata. Masu babur in sun kawo taya sai su ce, "Sarki, a sa mata iska, amma a yi mata ta kwantar da hanji tukuna." Kwana biyu bai zauna a benci ba. Rana ta uku ya dawo, ya zauna a tsakiya, ya naɗe hannun riga don a ga inda filasta ta zauna.

"Ku kuna ta dariya. To in tambaye ku. Duk layin nan, wa ya taɓa roƙon allura da bakinsa? Ku ana bin ku da ita kuna gudu. Ni na ce a yi mini. Sau huɗu! Kun ji da kunnenku. Nas ɗin ma ta ce ba ta taɓa ganin fata irin tawa ba, sai da ta sa ƙarfi. Yanzu ni da allura sai dai gaisuwa."

Tela ya ce, "Haka ne. Af, maɓallin rigarka na lilo. Tsaya yadda kake in ɗinke maka a jikinka."

Ya zare allura daga wuyan riga, ya ɗaga ta sama yana neman ramin zare. Da ya sauke ido, ba kowa a tsakiyar benci sai takalmi ɗaya.

Daga bayan tulin tayoyi murya ta ce, "Ina zuwa. Na ji wata tana sacewa."